Tsokar Kaza Daidai Kwalin Ashana

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Maigidana ya riga ni komawa ranar wata Talata da hantsi, auduga tana tsaka da fashewa a gonaki. Ina cikin takaba nake faɗin wannan magana, ɗiyata tana rubutawa, don ni ban san baƙi ba. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba kuwa zan fara ba don ya kwanta dama.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Dangi sun zo daga Sinja da Wad Madani a bayan lori, Larabawan da gonarsu ke maƙwabtaka da tasa suka zo suka ɗaga hannu suka yi masa fatiha a tsaye, yadda suka saba. Ina daga cikin ɗaki, amma katangarmu gajera ce, duk abin da maza ke faɗi a ƙofar gida yana iso ni. Na ji liman yana cewa, "Shaidar da zan yi masa ɗaya ce. Mutumin nan bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba." Kowa ya amsa da haka ne, haka ne. Amininsa, maƙwabcinmu na gabas, shi kaɗai ban ji muryarsa ba. An ce min kansa ya sunkuyar, ya rufe fuska da rawani.

A cikin gida kuma ƙanwarsa ce ta yi tata shaidar. Tana tsakiyar mata, ta share hawaye ta ce, "Ciwo na Allah ne, amma yayana da kwaɗayin romo ya tafi. Kaji cike da gida, aka bar shi yana lasar yatsa." Ba ta dube ni ba, amma duk matan suka dube ni. Mai takaba ba ta cacar baki.

Liman ya faɗi abin da ya sani, ƙanwarsa ma ta faɗi abin da ta gani. Sauran yana wurina, ni kuma tsohuwa ce. In na bi shi ban faɗa ba, shi ke nan ya tafi.

A ƙauyenmu, nan kudu da Hajj Abdalla, tun iyayenmu da suka taso daga yamma da niyyar Makka suka yada zango, maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Ciyayya ake yi. Da an sallame magariba kowane magidanci sai ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke ƙofar gidanmu. Gida bakwai ne a layinmu, kwano bakwai. Shi ne ke fara fita, shi ne ke ƙarshen shigowa. In ya hango baƙo a hanya, ko masu tsinkar auduga ne da ba ya jin yarensu, sai ya tashi ya kamo hannun rigarsa. Yakan ce, "Kura ce ke jan nama ta shige rami. Ɗan Adam a fili yake ci."

Akwai ranar da ruwan hawasharsa ya zo a makare. Hawasha ita ce gonar da hukuma ta yanka wa kowa, kuma ruwa in ya zo ba ya jiran mutum. Ya tsaya ban ruwa har maza suka watse. Da ya dawo na ajiye masa tuwo a tsakar gida. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ɗauke shi ya fita. Daga baya na ji har bakin tur'a ya kai shi, babbar hanyar ruwan nan, ya sami mai gadin ruwa suka ci tare. Na ce masa, "Malam, tafiyar nan duk don loma biyar?" Ya ce, "Ke dai ba ki sani ba, 'yar mutanen Sinja. Tuwo in ba a yi masa hira ba, a wuya yake tsayawa." Haka yake kirana, 'yar mutanen Sinja, tun ranar da aka kawo ni har ranar da ya daina magana.

Ruwan tur'ar nan da ya ciyar da mu, cikinsa ya ƙare ƙuruciyarsa, tsaye har gwiwa. Ya sha fama da tsargiya, ya warke, ta dawo. Da girma ya kama shi sai ƙafafunsa suka fara kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Da safe fuskarsa ta yi suntum. Babban ɗanmu ya zo daga Damazin ya kai mu asibiti a Wad Madani. Muka kwana tara. Likita, wanda mu nan muke ce wa hakim, ya ce ƙodarsa ce ta gaji, kuma gajiyar da ba ta wucewa ce. Sai dai a rage mata kaya.

Ni hakim ya kira, don ya ce mai tukunya ita ce rabin magani. Ya ce ba gishiri, ba kanwa. Ba naman sa, ba kayan ciki. Kaza zai iya ci, amma ba kullum ba, kuma tsokar ƙirji kawai, a cire fata, a dafa da ruwa zalla, a zubar da ruwan. Na ce, "Ya hakim, romon ne za a zubar?" Ya ce shi fa. Sai ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya ɗora a tafin hannuna, ya ce, "Kada ta wuce wannan."

Malam yana kwance yana jinmu. Ya ce, "Hakim, in da ƙundu fa? Ƙundun kaza ai haƙƙin maigida ne." Hakim ya yi dariya ya girgiza kai. Malam ya ce, "To, shekara arba'in ina sarautar ƙundu, yau an tuɓe ni."

Kwalin nan na zo da shi gida na ajiye a kan katangar madafa. In an yanka kaza sai in fige, in yanko ƙirji, in gwada da shi. Sauran ba ya kwana a zafin ƙasar nan, sai in raba wa maƙwabta. Su ma suka saba, duk gidan da aka yanka sai a aiko min da tsokar ƙirji ɗanya a ganye. Allah ya saka musu.

Romon ne ya haɗa ni da ƙanwarsa. Kowa ya san abin da ake ba majinyaci a wurinmu. Mai jego romo, wanda zazzaɓi ya kayar romo, wanda ya karye romo. Ta zo dubiya da budurwar kaza a hammata, ta dafa da kanta, ta zuba gishiri da barkono da daddawa, gida duk ya ɗauki ƙamshi. Na tare ta a ƙofar ɗaki.

"Matar yaya, matsa min."

"Hakim ya hana."

"Hakim ne ya haife shi? Uwarmu da wannan ta tashe mu. Ke kuma kin tsaya kina zubar da albarka a rariya, kaji suna sha."

Malam ya jiyo mu. Ya ce, "Auta, kawo nan." Ya karɓi kwanon ya kai hanci, ya shaƙa, ya shaƙa, ya lumshe ido. Sannan ya miƙa mata ya ce, "Na ci rabona. Kai wa amininmu na gabas, ki ce in ji ni." Ta fita tana kuka. Ban ga laifinta ba. Ni ma ranar farko da na tuttular da romo a ƙasa sai da na yi istigfari.

Da ƙafafun suka saɓe ya ce zai koma gindin dalbejiya. Na yi murna. Na ce ai da sauƙi, in dafa nasa daban in ba shi ya fita da shi, ya ci nasa, su ci nasu. Ga wautar da na yi. Shekara arba'in da biyar ina aika kwano waje, ban taɓa zama na ga yadda ake cinsa ba, tunda mace ba ta zuwa wurin. Ashe ba wanda ke cin na gidansa. Kwano ɗaya ake jawowa tsakiya, hannu bakwai su shiga, in ya ƙare a jawo na biye. Wanda ya rungume nasa ya ci shi kaɗai a gaban mutane, ya zagi kowa ke nan.

Wata guda ana haka. Kwanonsa yana dawowa a sharce, ina ta godiya ga Allah. Sai na ga takalminsa ya fara matse shi. Na ƙara rage tsoka, na ƙara wanke tukunya, na rasa inda na yi kuskure. Ranar nan muna ɗibar ruwa, matar amininsa ta ce min tana dariya, "Yaya, maigidana ya ce in tambaye ki, wai gishiri ya yi tsada ne a gidanku? Ya ce kazarki kamar ana tauna auduga."

Na ce, "A ina ya ci kazata?"

Ta ce, "A ina kuwa? Malam da kansa yake yayyaga ta gida bakwai, kowa ya sami zare ɗaya. Shi kuma ya fi kowa son miyar kuɓewata."

Tulun ban cika shi ba na dawo. Na same shi a kan gadon igiya yana gyaran carbi. Tun da aka kawo ni ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Malam, ashe ni ce mahaukaciyar unguwa? Ina nan ina gwada nama da kwalin ashana, kai kana can kana shan kanwar gida shida?"

"Sassauta, 'yar mutanen Sinja, katanga gajera ce."

"Su ji! Dubi ƙafarka. Dube ta mana!"

Ya duba. Ya ce, "To ya kike so in yi? A jawo kwanon mutum, in naɗe hannu? In ce abincin gidanka guba ne? Ko in juya musu baya in ci nawa kamar mai kuturta?"

Na ce, "Ka ce musu ba ka da lafiya."

Ya ce, "Sun sani. Ni ne ban iya ba."

Kwana biyu ba mu yi magana ba sai gaisuwa. A na uku na ɗauki mayafi na bi gidajen nan shida ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi matan, don Allah don Annabi, kwanon da za a fitar waje a ɗebe shi kafin a sa gishiri da kanwa. Ba wadda ta ƙi. Mazan ma aka gaya musu, suka ce ba komai. Na roƙe su kada ya sani.

Mako ɗaya dabarar ta yi. Mutumin da ya san hannun kowace mace a layin nan daga ɗanɗanon miyarta, ta yaya za a ɓoye masa? Ya lura loma ta ragu, hira ta ragu, ana tashi da wuri. Ya ga maƙwabcinmu na yamma yana zaro ƙullin gishiri daga aljihu a ɓoye, yana barbaɗawa a gefensa. Ranar ya shigo tun mutane ba su watse ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Mutanen nan sun wuni cikin rana, sun dawo ba su da wani daɗi a duniya sai loman nan. Shi ne kika sa aka mayar musu da shi lami saboda ni."

Na ce, "Da yardarsu."

Ya ce, "Sun yarda, don mutanen kirki ne. Ni ban yarda ba. Daga gobe a nan zan ci. Ki gaya wa matan kowa ta sa gishirinta. Kwanon gidan nan kuma a ci gaba da fitar da shi, da gishirinsa, kada wurina ya zama fili."

Haka aka yi. Kullum in dafa biyu, ɗaya ya fita, ɗaya ya tsaya. Amininsa ya yi ta sallama a zaure da kwanonsa a hannu, yana cewa ya zo su ci tare. Malam ya ce masa, "Koma, kada a rasa mutum biyu." Da ya matsa, sai Malam ya ce masa barci yake ji. 'Ya'yanmu maza suna can inda abinci ya kai su, matan suna ɗakunansu. Gidan daga ni sai shi.

Nakan shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, in ajiye kwano da ruwan wanke hannu, in koma ƙofar madafa in zauna. Daga nan muna jin su ta kan katanga, ana jawo kwano, ana gardamar kuɗin auduga, wani ya yi dariya har ya ƙware. Shi kuma yana zaune ya miƙe ƙafafu, da 'yar tsokarsa fara fat a kan tuwo. In aka yi wata magana a waje sai in ga bakinsa ya motsa, yana ba da amsa a hankali.

Tun daren farko ya ce min, "Zo ki sa hannu."

Na ce, "Wa? Ni?"

"Akwai wata a gidan?"

Na ja mayafi na rufe baki. Uwata ba ta taɓa ci da ubana ba. Kakata ko ruwa ba ta sha a gaban mijinta. Ni kaina tun ina amarya, in ina tauna abu ya shigo, sai in haɗiye shi haka nan. Na ce, "Malam, da tsufana? In wani ya shigo ya gan mu fa?" Ya ce, "Sai ya ce ga tsofaffi biyu suna cin tuwo." Na ce a'a, na riga na ci. Ƙarya nake, sai ya gama nake cin nawa a madafa.

Ya sake kira washegari, da wanshekaren washegari. Wata rana da wasa, ya ce, "Ko tsoro kike in ga haƙoran da suka rage?" Wata rana ba wasa. Daga baya ya daina. Na ɗauka ya saba. Damina ta shigo ta fita, aka yanke dawa, muna nan yadda muke, shi a tabarma, ni a ƙofar madafa, taku biyar tsakaninmu. Na iya fuskantar ƙanwarsa, na iya bin gida shida ina roƙo, amma taku biyar ɗin nan suka gagare ni. Wannan ba hakim ne ya sa ni ba. Ba wanda zan ɗora wa.

Cinsa ya yi ta raguwa. Ya ce bakinsa ɗaci, komai ƙarfe-ƙarfe yake ji. Ya koma cin abincin tun la'asar sakaliya, wai don ya gama kafin a fara a waje. Wata rana na shiga ɗaki ɗauko masa magani, na ɗan jima ina nema. Da na fito sai na tarar kaji sun kewaye tabarmar. Yana gutsurar tuwo yana ajiye musu a bakin kwano, ya ɗauki loma, su sa baki. Yana yi musu magana. "Ke mai wake-wake, bar wa 'yar'uwarki. Kai zakara, ba a haka a gaban manya." Har da tsokar, ya yaga ya ba su.

Na ɗaga hannu zan kore su. Ya ce, "Bar su. Su dai ba sa jin kunyata."

Ba da zafi ya faɗa ba. Ko dubana bai yi ba. Na tsaya da maganin a hannu. Na ajiye, na jawo butar, na wanke hannu. Na kori kajin, na zauna a inda suka tashi. Na sa hannu a kwanon. Na gutsuro, na kai baki, idona a ƙasa. Tuwon ba gishiri, miyar ruwa-ruwa. Wata da watanni ina dafa abin nan, sai ranar na san abin da nake ba shi.

Na yi loma uku. Sannan ya ɗauki abin da kaji suka bari na tsokar, bai kai ɗan yatsa ba, ya raba biyu ya tura min rabi. Ya ce, "Bismilla, baƙuwa. Daga ina?"

Na ce, "Daga Sinja."

Ya ce, "Sannu da hanya. Kin daɗe a tafe."

Na yi dariya, hawaye yana zuba a kwanon. Ya ce, "Kul, hakim ya hana gishiri." Ya zuba min ido ina ci, ya ce, "Ashe sauri gare ki. Da a gindin dalbejiya ne da kin bar mutane da yunwa." Ranar ya cinye rabonsa tas, har ya nemi ƙari, na hana shi.

Kwana goma sha ɗaya muka ci tare. Ina ƙirga su da yatsa, in kai ƙarshe in sake. A cikinsu ya ba ni labaran da ban taɓa ji ba, na ubansa da tafiyarsu a ƙasa, na abin da ake faɗi a waje shekara da shekaru, har da wadda ta fi kowa iya miya a layinmu, kuma ba ni ba ce. A rana ta goma sha biyu numfashi ya fara yi masa wuya, bai iya zama ba. Aka aika wa yara. Ya yi kwana huɗu ba ya karɓar komai sai ruwa a cokali. Ranar Talatar ina riƙe da kansa, amininsa yana yi masa kalmar shahada, ya amsa, ya tafi.

Ban sani ba ko kwalin ashanar ya ƙara masa kwana. Kwana na Allah ne. Ƙanwarsa tana ganin romo na hana shi, ni kuwa na san abin da na hana shi, kuma ya fi romo. Wata bakwai yana jirana daga taku biyar. Na roƙe shi gafara a cikin kwanakin nan goma sha ɗaya, ya ce, "Ci tuwonki, kina ɓata mana hira."

Yanzu ni ake ajiye wa kwano. Ɗiyata takan zauna da ni in tana nan, amma tana da nata gidan, jibi za ta koma. In magariba ta yi ina jin su a waje, su shida. Sai in jawo kwanon, in yi bismilla, in daɗe ina dubansa.

Ya Allah, bawanKa ne, Ka fi ni saninsa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. In Ka tashe shi, Ka zaunar da shi cikin jama'a, inda hannu ya yi yawa a kwano. In kuma da sauran wuri a gefen tabarmar, ya kira ni sau ɗaya kawai. Zan taso.